Gardawa da Kurayensu, da Mas'alar Hankalin Dabba

Tun zamanin da wajen nan na Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni galibinsa gonaki ne da ƙauyuka a bayan ganuwar Kano, tun ba a yi mafarkin gina gidan ajiye namun daji ba, talakan ƙasar nan wanda bai taɓa kwana a dawa ba ya san kamannin kura da na gwaggon biri da na mesa, ba don ya gan su a littafi ba, sai don akwai waɗansu mutane da suka mai da yawo da waɗannan dabbobi sana'arsu ta gado, suna bin kasuwanni da ƙofofin sarakuna da tarukan Salla da su. Su ne gardawa, masu wasa da kura.

Wanda ya taɓa tsayawa a da'irarsu ba zai manta ba. Gardi yakan fito ɗaure da warki, jikinsa duk layu da guraye, akayau na kaɗawa a ƙafarsa, makaɗa na biye da shi. A hannunsa ɗaya sarƙa, a ɗaya kulki, a ƙarshen sarƙar kuwa ga kura an ɗaura mata takunkumi, tana tafe tana ɗingishin nan nata na halitta, tana dalalar da miyau. In taro ya cika, sai ya yi kamar sarƙar ta kuɓuce masa, kura ta zabura, mutane su watse har waɗansu su bar takalmansu, sa'an nan ya fizgo ta, a komo ana dariya, kowa na cewa shi dai ba gudu ya yi ba. Gwaggon biri kuma an sa masa 'yar riga, ya ƙame ya yi gaisuwar soja, ya miƙa hannu ya karɓi kwabo ya kai wa ubangidansa. Amma duk wannan share fage ne, domin asalin cinikin yana cikin jakar gardi: maganin saran maciji, da maganin ƙarfe, da na mayu, da na tsoro. Dabbar hujja ce kawai, wato mutumin da ya iya sarrafa kura ai maganinsa ba zai zama na banza ba. Masu shakka tun a wancan lokaci suna da amsarsu, cewa in kura na maganin zawo ta yi wa kanta, amma haka ba ta hana su sayen ƙulli ɗaya ba, saboda ko-ta-kwana.

To, a bakin irin wannan da'ira ne akan ji wani ya ce, “Wallahi birin nan magana kaɗai ta rage masa.” Wannan kuwa mas'ala ce babba, ko da yake mai faɗinta bai nufi ilmi da ita ba: shin dabbar nan ta fahimci abin da take yi, ko kuwa tsoron kulki da kwaɗayin abinci ne suke juya ta? Hausawa ba su tsaya a kan ra'ayi guda ba. A tatsuniya sun ba kura wauta da haɗama, suka naɗa dila malamin daji, alhali kuwa a karin magana sun shaida cewa kura ta san gidan mai babbar sanda, wanda kuwa ya san gidan da zai kauce wa, ba a kira shi wawa ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsayawa a kan wannan batu da natsuwa, saboda akwai hukunci da ya rataya a kansa. A cikin Suratul Ma'ida an halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, in an ambaci sunan Allah yayin sakinta, saboda haka ya wajaba fuƙaha'u su bayyana mene ne horo. Suka ce horarren kare shi ne wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Shafi'iyya suka ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kamo, Malikiyya kuwa, mazhabar ƙasarmu, ba su sharɗanta haka ba. Abin lura a nan, sun tabbatar wa dabba iya koyo, har suka bambanta hukuncin kare mai ilmi da na jahilinsa, amma ba su ɗora mata taklifi ba, domin hankalin da shari'a take magana da shi wani abu ne daban. Ga kuma ilhamar ƙudan zuma, da labarin tururuwa da alhudahuda a ƙissar Annabi Sulaimanu, alaihis salamu. Jahizu na Basra ya cika mujalladai da ɗabi'un dabbobi a Kitabul Hayawan, Damiri na Masar kuma, wanda ya rasu a 1405, ya ambaci wata dabbar teku mai suna dulfin, ya ce takan ceci wanda ruwa ke neman ci.

Ita wannan dabba, da yanzu ake kira dolfin, ita ce ta zama kurar gardawan Amurka. A 1938 aka buɗe wani gidan kallon halittun ruwa a Fulorida mai suna Marine Studios, inda daga baya aka fara horar da dolfin yin tsalle da wasa a gaban 'yan kallo, a 1964 kuma aka buɗe SeaWorld a San Diyego, sana'ar ta zama ta miliyoyin daloli. A maimakon sarƙa da kulki, mai horon yana riƙe da usur da bokitin kifi: dabba ta yi abin da ake so, a busa mata, a jefa mata kifi. Haƙiƙa wannan ya fi duka sauƙi, amma asalin al'amarin ɗaya ne, kuma 'yan kallon can ma abin da suke faɗa ke nan, magana kaɗai ta rage.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai saurin ta'ajjubi ya sani. A birnin Balin na Jamus, wajen 1904, wani malamin lissafi mai suna Wilhelm von Osten yana da doki, Hans, wanda in an tambaye shi jimla ko ragi sai ya buga ƙasa da kofato har ya kai adadin amsar. Kwamitin masana ya bincika bai sami maguɗi ba, sai da wani mai nazarin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, ya jarraba shi ta wata hanya, ya tarar in mai tambayar bai san amsar ba, ko kuwa dokin ba ya ganinsa, to Hans ya ɓata. Ashe dokin ba lissafi yake yi ba, fuska da tsayuwar mutum yake karantawa, yana lura da ɗan motsin kai da mai tambaya yakan yi ba da saninsa ba in an iso adadin. A ganina dokin nan ya fi yadda aka zace shi basira, ta wata fuskar da ba wanda ya biya kuɗi don ya kalla. Haka birin gardi: gaisuwar soja ba ta nuna ya san soja ba, amma sanin da ya yi wa ƙwayar idon ubangidansa, da lokacin da kulki zai sauka, da wanda cikin taro zai ba da kwabo da wanda zai jefe shi, wannan ilmi ne na gaskiya.

Da masu bincike suka bar filin wasa suka yi haƙuri, abin da suka gano ya fi tsalle ban mamaki. A Hawai, Louis Herman ya nuna dolfin tana bambanta umarnin ishara gwargwadon jerin alamunsa, wato kai wannan wurin wancan ba ɗaya ba ne da kai wancan wurin wannan. A 2001 Diana Reiss da Lori Marino suka ba da rahoton dolfin tana duba alamar da aka shafa mata a jiki cikin madubi. Ita ma kura, wadda muka daɗe muna yi wa dariya, ta sami mai wanke ta: Kay Holekamp, wadda ta fara bibiyar kuraye a dajin Masai Mara na Kenya tun 1988, ta nuna suna zaune ne ƙabila-ƙabila, mata ne shugabanni, 'ya tana gadon matsayin uwarta, kowace kuma ta san wanda ya fi wani daraja a cikinsu. Babu ko ɗaya daga wannan da ake iya gani a ƙarshen sarƙa.

Shi ya sa karin maganar da ta fi dacewa da sana'ar, a Kano ko a Fulorida, ita ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2010 wani babban dolfin na irin da ake kira orka, mai suna Tilikum, ya kashe mai horar da shi a reshen SeaWorld na Olando, bayan shekaru masu yawa a tsare, a 2016 kuma SeaWorld ta sanar da daina sa irinsa su hayayyafa. Mu kuwa ba mu bukatar jiran Turawa a kan wannan, tun da hadisi ya zo da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

A Kano al'amarin ya canza a farkon shekarun 1970, da Gwamna Audu Baƙo ya kafa gidan namun daji a titin da ya taso daga wajen Gyaɗi-Gyaɗi, wanda har yau ake kira Titin Gidan Zu, yaran Tarauni da Daurawa suka koma ganin kura a keji ranar Salla. Daji ya ja baya, gardawa suka ragu, waɗanda suka saura suka riƙa gangarawa biranen kudu, har wani mai ɗaukar hoto na Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya tarar da wata ƙungiyarsu kusa da Abuja a 2005, hotunansu suka zaga duniya.

Ba na roƙon a raya wasan, domin dabbar ta sha wuya ya isa. Amma tsofaffin gardawa sun san abubuwa game da kura, yadda ake shiga raminta, da abin da ke fusata ta, da alamun rashin lafiyarta, waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba. Ina kira ga malaman Hausa na Jami'ar Bayero da ɗalibansu da su nemi waɗanda suka rage daga cikinsu, su zauna da su, su rubuta abin da ke bakinsu tun suna da rai.