Yaran da Ke Kuka Babu Hawaye: Tarihin Ciwon Riley da Day

A shekarar 1949 ne likitocin yara biyu a birnin New York, Conrad Riley da Richard Day, tare da abokan aikinsu, suka bayyana halin wasu yara biyar da ke kuka babu hawaye, ga yawan zufa, ga jininsu na haurawa da zarar hankalinsu ya tashi. Daga baya aka gane cewa ciwon gado ne da ke tauye jijiyoyin saƙo masu tafiyar da ayyukan da mutum ba ya yi da niyya, kamar bugun zuciya da matsewa ko sakin hanyoyin jini. Kusan duk masu shi Yahudawan Ashkenazi ne, wato 'yan asalin tsakiya da gabashin Turai, waɗanda a cikinsu kimanin mutum ɗaya cikin 30 ke ɗauke da ƙwayar gadon yana lafiya lau, domin yaro ba ya kamuwa sai ya gaje ta daga uwa da uba duka.

Rashin hawayen ne ya fara jan hankali, amma lamarin jini ya fi shi ɗaure kai, domin idan majinyacin ya miƙe tsaye ƙarfin jininsa kan faɗi warwas, idan ya kwanta ya haura, kuma duk da haka sau da yawa ba ya suma. Tun a 1959 Niels Lassen na ƙasar Denmark ya nuna cewa ƙwaƙwalwa na kare rabonta na jini ta hanyar buɗe ƙananan hanyoyinta idan ƙarfin ya ragu da tsuke su idan ya ƙaru, sai dai auna wannan daƙiƙa bayan daƙiƙa ya jira har 1982, lokacin da Rune Aaslid ya fito da na'urar da ke aika sauti ta gefen ƙoƙon kai tana ƙiyasta saurin gudun jini. Da ita ne Max Hilz na Jamus da Felicia Axelrod ta Jami'ar New York suka gwada majinyata a kan gadon da ake ɗagawa, suka ga alamun cewa wannan kariya ba ta rushe gaba ɗaya ba.

An gano ƙwayar gadon a 2001, wadda yanzu ake kira ELP1. Amma binciken 2010 ne, na Lucy Norcliffe-Kaufmann da Horacio Kaufmann, ya sauya fahimtar likitoci, da ya nuna cewa babbar matsalar tana ga jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarfin jini daga wuya da ƙirji, ta yadda ƙwaƙwalwar take ba da umarni ba tare da ta san halin da jinin ke ciki ba.