Tarihin Lay's: Daga Talla a Mota Zuwa Kantunan Duniya

Duk mai shiga manyan kantuna ya san ledar nan rawaya mai ɗauke da soyayyen dankalin turawa, wanda aka yanka sirara kamar takarda. Sunanta Lay's, kuma asalinta ɗan talla ne.

Herman Lay, haifaffen 1909, ya fara wannan sana'a a 1932 a birnin Nashville na Amurka, daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Dillalin kamfanin Barrett ne na birnin Atlanta. Sai ya loda kaya a motarsa, yana bin ƙananan shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ya san masu shago, su ma suka san shi da cika alkawari. Kafin shekarun 1930 su ƙare, Barrett ya shiga matsin kuɗi, yaron gida ya saye kamfanin ubangidansa, ya raɗa masa suna H.W. Lay & Company. A 1944 aka fara buga sunan Lay's a jikin kayan.

A jihar Texas kuwa akwai kamfanin Frito, wanda Elmer Doolin ya kafa, mai soya masara. Tun 1945 Frito da kamfanin Lay suke hulɗar rarraba kaya, har suka haɗe a 1961 suka zama Frito-Lay. A 1965 suka sake haɗewa da Pepsi-Cola, aka haifi PepsiCo. Daga nan kasuwa ta tsallaka teku: a 1989 PepsiCo ya sayi kamfanin Walkers na Ingila. Lay ya rasu a 1982, sunansa na nan a kan leda.

Dankali, mai da gishiri ne kawai a cikin ledar nan. Abin da ya ɗaga ta shi ne ɗanɗanon da ba ya canzawa, ƙunshi mai hana iska shiga, da kai kaya shago a kan lokaci.

Akwai darasi a nan: mu a Mirriya Allah ya hore mana lambuna da fadama, ga Damagaram kusa da mu, ga dankalin Ayar da ke saukowa daga Agadas. Amma ɗanye muke sayarwa, rarar kuma ta ruɓe a kasuwa. Matasanmu da ƙungiyoyin mata, a koyi sarrafawa da ƙunshi mai tsabta, a sa wa kaya suna, a riƙe amanar mai saye. Da sannu ake zama babba.