Aconit: ƙaramin jirgin rakiya a Yaƙin Atlantika

Kowane madugu ya san cewa ayarin da ba shi da masu tsaro ganima ce ga ƴan fashi. Wannan darasi ne Ingila ta koya a teku lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsibiri ce wadda cinta da man jiragenta suka dogara ga abin da fatake ke kawowa daga Amurka da Kanada, su kuwa Jamusawa suka baza jiragen yaƙi masu nutso domin su yanke wannan hanya. Dabarar da aka yi ita ce a tara jiragen kaya su tafi ayari guda, ƙananan jiragen yaƙi suna yi musu rakiya. Aconit ɗaya ne daga cikinsu.

An ƙera shi a garin Troon na Sikotilan, aka miƙa shi ga sojan ruwan Faransa Mai Ƴanci a watan Yuli na 1941. A lokacin Faransa ta rabu biyu, har a Afirka: Cadi ta bi Janar De Gaulle tun Agustan 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942. Tsawon jirgin kimanin mita 62 ne, gudunsa kuma kimanin kilomita 30 a awa, wato jirgin Jamus mai nutso ya fi shi sauri in ya taso saman ruwa. Ba don ƙarfi aka ƙera irinsa ba, sai don araha da saurin gini.

Ranar 24 ga Disamba 1941, Aconit da ƴan uwansa biyu, Mimosa da Alysse, tare da jirgi mai nutso Surcouf, suka karɓe tsibiran Saint-Pierre da Miquelon daga hannun Vichy. Kafin shekara ta zagayo sauran ukun duk sun nutse.

Ranar da sunansa ya shiga tarihi ita ce 11 ga Maris 1943. Yana cikin masu rakiyar ayarin HX 228, mai jiragen kaya wajen 60, wanda ya taso daga New York zuwa Liverpool. Cikin dare, jagoran rakiyar, jirgin Ingila Harvester, ya auka wa U-444 ya banke shi, amma shi ma ya ji rauni a wajen farfelarsa. Aconit, a ƙarƙashin Jean Levasseur, ya tarar da jirgin Jamus ɗin yana ƙoƙarin sulalewa, ya sake bankarsa har ya nutse. Kwamandan Harvester, Tait, ya umarce shi da ya koma wurin ayari, don kaya ake tsaro, ba mai tsaro ba. Da gari ya waye injin Harvester ya tsaya cik, sai U-432 ya same shi a tsaye ya nutsar da shi. Tait da mafi yawan mutanensa suka halaka. Aconit ya juyo, ya gano maharin da na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa, ya jefa masa bama-bamai har ya tilasta masa tasowa, ya buɗe masa wuta, sannan ya banke shi. Jirage biyu ke nan cikin ƙasa da yini guda. Bayan haka ya tsamo waɗanda suka tsira, abokai da abokan gaba, Jamusawa 20 daga U-432 kaɗai, ya kai su Greenock da goshinsa a lotse.

Nasarar ta zo a kan gaɓa. Maris na 1943 na cikin watannin da ayarori suka fi shan wuya. Zuwa Mayu kuwa reshe ya juya da mujiya, Jamus ta yi asarar jirage masu nutso kusan 40 a wata guda, Amiral Dönitz ya janye sauran daga arewacin Atlantika. Ga De Gaulle ma ta yi rana, domin hujja ce a gaban Ingila da Amurka cewa mutanensa suna faɗa da gaske. A watan Afrilu ya ba jirgin lambar Compagnon de la Libération, wadda rukunoni uku kawai na sojan ruwa suka samu.

Aconit ya yi rakiya a saukar Normandi a Yunin 1944. A 1947 aka mayar wa Ingila da shi, aka sayar wa masu farautar ƙattin dabbobin tekun nan da ake kira balen, a 1967 aka farfasa shi. Faransa ta ci gaba da raɗa wa wasu jiragenta sunansa.

Malamin da ke koyar da wannan yaƙi yakan tsaya a kan Stalingrad da Normandi. Ya kamata ɗalibai su san cewa sojan da suka sauka Normandi, da abincinsu da makamansu, sai da suka ƙetare teku tukuna, kuma irin su Aconit ne suka raka su.