'Yan Sanda da Masu Adawa da Hukuma a Bauchi: Waiwaye Kan Ɗaukar Makami da Zanga-zangar Lumana

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda 'yan sanda suka riƙa tunkarar jama'ar da ta fito nuna rashin amincewa da hukuma a birnin Bauchi da kewayensa, tun daga zamanin En'e har zuwa shekarar 2024. An kasa waɗannan jama'a gida biyu: akwai masu fitowa da makami, akwai kuma waɗanda ba su riƙe da ko tsinke. Za a fara da duba kalmomin da ake kiran irin waɗannan taruka da su, domin sau da yawa sunan da hukuma ta laƙaba wa taro shi ke yanke irin ƙarfin da za a yi amfani da shi a kansa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Bahaushe yana bambanta zanga-zanga da tarzoma, yana kuma bambanta bore da tawaye. Zanga-zanga fitowa ce ta jama'a a kan titi don bayyana koke, shi ya sa ake iya cewa "zanga-zangar lumana". Tarzoma kuwa ta ƙunshi jifa da ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Bore shi ne bijire wa umarnin na gaba, tawaye kuma fita ce daga ƙarƙashin ikon hukuma ɗungurungum. Akwai kuma jerin gwano da tattaki da muzahara, wadda aka aro daga Larabci, ta kuma fi yawa a bakin almajiran Shaihu Ibrahim Zakzaki.

Wannan bambanci yana da nauyi a shari'a. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa da wasu cikin lumana. Sashe na 33 kuma, wanda ya kare haƙƙin rayuwa, ya yi togaciya cewa ba za a ɗauki mutuwar mutum a matsayin tauye masa haƙƙi ba idan ta auku wajen amfani da ƙarfin da ya wajaba don murƙushe tarzoma ko tawaye ko bore. Wato ke nan, da zarar jami'i ya kira zanga-zanga da sunan tarzoma, ya fitar da ita daga inuwar sashe na 40, ya kai ta inda doka ta buɗe ƙofar harsashi.

3.0 Daga Dogarai Zuwa 'Yan Sanda

Kafin Turawa su ci Bauchi a 1902, dogaran sarki ke kama mai laifi, su ke kuma zartar da hukuncin alƙali. Turawa ba su rushe wannan tsari ba, sai suka gina 'yan doka a kansa, suka sa su ƙarƙashin En'e. A gefe guda kuma akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe rundunoninsu na Arewa da Kudu a 1930. Babban aikin duka biyun shi ne tsare ikon mai mulki da tabbatar da karɓar haraji, kare talaka kuwa yana biyo baya.

Bauchi na cikin wuraren da aka fara gwada adawar lumana a Arewa. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin zauren muhawara na 'yan boko a garin, wanda hukuma ta kawo ƙarshensa bayan da tattaunawa ta fara taɓa tsarin mulkin En'e. Da aka kafa NEPU a Kano a watan Agusta 1950, sai magoya bayanta a lardunan Arewa suka sha kamu a hannun 'yan doka, suka sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, bisa zargin yin taro ba izini ko cin mutuncin sarki. Waɗannan mutane ba su ɗauki bindiga ba, lacca da waƙa ne makamansu. Koken da aka yi ta yi a kan haka yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Sai dai al'adar neman izini kafin taro ba ta gushe ba, domin Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 ta sake ɗaure ta.

4.0 Masu Ɗauke da Makami

Rikicin Maitatsine na Kano a watan Disamba 1980 shi ya fara nuna raunin 'yan sanda a gaban ƙungiya mai makami. An fatattake su a filin Shahuci, sai da aka kira soja kafin a kawo ƙarshen faɗan a 'Yan Awaki, kuma kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙiyasta mutum 4,177 ne suka mutu. Ragowar mabiyan sun sake tashi a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, sannan a unguwar Pantami ta Gombe a watan Afrilu 1985, lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi. A watan Afrilu 1991 kuma rikicin ƙabilanci da addini da ya faro daga Tafawa Ɓalewa ya malalo cikin birnin Bauchi, nan ma sai da soja suka fito, daga baya aka kafa kwamitin Mai Shari'a Babalakin.

Babban misali shi ne na ranar 26 ga Yuli 2009. Da asubahin ranar mabiyan Muhammad Yusuf, waɗanda aka fi sani da Boko Haram, suka kai hari caji ofis na Dutsen Tanshi a cikin Bauchi. 'Yan sanda suka kore su, sannan su da soja suka bi su har matsugunansu, aka kashe gwammai, aka kama da yawa, gwamnatin Malam Isa Yuguda ta sa dokar hana fita da dare. Cikin kwana ɗaya wutar ta kama a Maiduguri da Fataskum da Wudil. Mayar da martani ga wanda ya kawo hari da makami abu ne da doka ta yarda da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ya faru bayan an ci galaba. Ranar 30 ga Yuli soja suka kama Muhammad Yusuf da ransa a Maiduguri, suka danƙa shi ga 'yan sanda, kafin gari ya waye gawa ce, ba a kai shi gaban alƙali ba. A watan Fabrairu 2010 gidan talabijin na Aljazira ya nuna hotunan jami'ai suna harbe mutanen da aka kwantar a ƙasa a Maiduguri.

Ba a yi nisa ba, a ƙarshen Disamba 2009, aka sake yin arangama da 'yan Ƙala Ƙato a unguwar Zango ta Bauchi, inda 'yan sanda suka ce mutum 38 suka mutu. Ranar 7 ga Satumba 2010 kuma 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi, suka saki fursunoni fiye da 700, cikinsu har da 'yan uwansu fiye da 100 da ke jiran shari'a. Wannan hari ya nuna cewa ƙarfin da aka yi amfani da shi a 2009 bai kashe ƙungiyar ba, hasali ma kisan shugabanta ba shari'a ya zame mata hujjar ɗaukar fansa da neman sababbin mabiya.

5.0 Masu Zanga-zangar Lumana

Idan aka juya ga ɗaya ɓangaren, sai a tarar rundunar da ke jinkiri a gaban mai makami tana saurin hannu a kan wanda ba shi da shi. An ga haka a Bakolori a 1980, inda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ranar 23 ga Mayu 1986, inda aka harbe ɗalibai.

Ta fuskar doka an samu sauyi. A watan Satumba 2003 'yan sanda suka watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, bisa hujjar rashin izini. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, a 2005 Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa sharaɗin neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa tsarin mulki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Disamba 2007. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da ɗora musu nauyin tsare lafiyar masu taro ko jerin gwano idan an sanar da su.

A aikace kuwa sauyin bai taka kara ya karya ba. Bayan kotu ta haramta Harkar Musulunci ta Shaihu Zakzaki a watan Yuli 2019, 'yan sanda suka ɗauki muzaharar Ashura ta watan Satumba a matsayin haramtaccen taro, kuma ƙungiyar ta ce an kashe mata mutane a Bauchi da Azare da wasu garuruwan Arewa. A watan Agusta 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa ta kwana 10. A wasu wurare ɓata-gari sun shiga ciki sun yi wawaso, abin da ya sa gwamnatin Bauchi ta sa dokar hana fita a ƙaramar hukumar Katagum. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohin Barno da Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Neja, rundunar 'yan sanda kuwa ta musanta rahoton. A watan Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suka faɗi sumammu, sai da Shugaban Ƙasa ya ba da umarni aka sake su. Wato an tuhumi yaran da suka bi sahun zanga-zanga da laifin da doka ta tanada wa masu tawaye.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, a gaban ƙungiya mai makami 'yan sanda sukan makara, sai abu ya ƙazanta a kira soja, bayan nasara kuma a tsallake kotu. Na biyu, a gaban taron lumana sukan fara da hani, sai barkonon tsohuwa, wani lokaci har da harsashi, alhali kotuna sun riga sun soke sharaɗin izini. Na uku, cakuɗa sunaye yana cutar da kowa, domin matashin da ya ga mai kwali da mai bindiga sun gamu da makoma guda, da wuya a shawo kansa ya ci gaba da riƙon kwali.

A nan ne aikin masana harshe ya shigo. Masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridun Hausa su ke zaɓen ko za a ce "masu zanga-zanga" ko "masu tayar da tarzoma" ko "ɓata-gari", kuma miliyoyin masu sauraro da wannan zaɓi suke auna ko harbin da aka yi daidai ne. Ya kamata cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya su daidaita waɗannan kalmomi bisa ma'anoninsu na shari'a, su kuma fassara sassan tsarin mulki da Dokar 'Yan Sanda da suka shafi taro zuwa Hausar da kurtun ɗan sanda da mai talla a kasuwar Wunti za su fahimta daidai wa daida.