Yadda ake gano girman lilon nauyin da ke rataye a sifirin

Idan aka rataya nauyi a sifirin, aka ja shi ƙasa aka saki, zai riƙa hawa da sauka yana ratsa wurin da ya saba tsayawa cik. Tazarar da ke tsakanin wannan matsaya da iyakar inda nauyin ke kaiwa ita ce girman lilo, kuma masana fiziks na yi mata alama da harafin A. Daga tsakiya ake aunawa. Wanda ya auna daga ƙololuwa zuwa ƙasa, ninki biyu ya samu.

Lissafin ya ginu ne a kan dokar Robert Hooke, masanin Ingila da ya wallafa ta a 1678: gwargwadon miƙewar sifirin, gwargwadon ƙarfin da yake ja da shi. Ana nuna taurin sifirin da k, nauyin abin a kilogiram da m. Muddin ba a sa gogayya da iska a lissafi ba, makamashin lilon ba ya raguwa, sauya kama kawai yake yi tsakanin gudu da miƙewa. Saboda haka, da an san nisan nauyin daga matsayarsa, x, da saurinsa, v, a lokaci guda, magana ta ƙare:

A = √(x² + mv²/k)

A ce nauyin kilogiram 2 ne, taurin sifirin nuton 200 a kowace mita, x mita 0.03, v kuma mita 0.4 a daƙiƙa. Sai x² ya zama 0.0009, mv²/k ya zama 0.0016, jimilla 0.0025. Tushenta 0.05, wato santimita 5. Abin mamaki, lokacin zuwa da dawowa bai damu da girman lilo ba. A nan kusan daƙiƙa 0.63 ne, ko lilon babba ne ko ƙarami.

A nan ne abin ya shafi mai ciniki da sikelin rataye. Idan aka saki kaya a kai farat ɗaya, girman lilon zai yi daidai da miƙewar da kayan ke jawowa in sun natsu, don haka allura na iya zarcewa har kusan ninkin nauyin gaskiya kafin ta dawo. Buhun kilo 10 sai ya nuna kusan 20 na ɗan lokaci. Gogayya ce ke cinye lilon sannu a hankali, kuma sai allura ta tsaya awon ke zama abin dogaro.