Daga Tekun Sargasso Zuwa Jinin Ɗan Adam: Tarihin Gano Burbushin Roba

A ɗakin magani na asibitin da nake aiki muna da wata al'ada da muka taso da ita tun daga jami'a. Kafin mu miƙa ledar ƙarin ruwa ga ma'aikaciyar jinya, mukan ɗaga ta sama mu duba a gaban haske, ko akwai wani abu da ke yawo a ciki. Kwanakin baya ina cikin yin haka sai wata uwa da ke jiran maganin ɗanta ta ce mini: "Malam, na ji a rediyo wai an samu roba a jinin mutane. Wannan ledar da za a ɗura wa yarona, ba ita ce za ta zuba masa robar ba?" Na amsa mata a gurguje, domin layi ya yi tsawo. Amma tambayar ta cancanci cikakkiyar amsa, amsar kuwa tana cikin tarihi.

Roba irin wadda muka sani a yau ba ta daɗe a duniya ba. A shekarar 1907 ne Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa robar farko da aka samar kacokan daga sinadarai. Ba ta mamaye gidaje da kasuwanni ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lissafin da Roland Geyer da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya nuna cewa a 1950 duniya ta ƙera kimanin tan miliyan 2 na roba, a 2015 kuwa adadin ya kai tan miliyan 380. Daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin ɗari kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, saura kashi 79 na jibge a juji ko warwatse a doron ƙasa da cikin ruwa.

Kafin mu zarge ta, adalci ne mu tuna alherinta. A 1956 wani mai irin sana'ata a ƙasar New Zealand, Colin Murdoch, ya ƙirƙiro sirinjin roba da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Kafin nan sirinjin gilashi ake tafasawa a sake tsira wa wani, cuta kuma takan bi allura daga jiki zuwa jiki. Ledar jini, da ta ƙarin ruwa, da safar hannu, duk roba ce. Abin da ya sa ta yi amfani shi ne ba ta ruɓewa, kuma nan ne matsalar take. Rana da iska da guguwar ruwa ba sa cinye ta, farfasa ta kawai suke yi, babba ta koma ƙarama, ƙarama ta koma burbushi.

Waɗanda suka fara lura da burbushin ba shi suka fita nema ba. A farkon shekarun 1970 Edward Carpenter, mai nazarin halittun ruwa a cibiyar Woods Hole ta Amurka, yana jan raga mai ƙananan idanu a Tekun Sargasso, wani yanki na Atlantika mai nisa da gaɓa, sai ya riƙa ganin wasu fararen ƙwayoyi masu tauri a cikinta. A 1972 shi da K. L. Smith suka wallafa a mujallar Science cewa a kowace murabba'in kilomita akwai kimanin gutsuren roba 3,500. Duniya ba ta saurara ba. A lokacin roba alamar ci gaba ce, teku kuwa ana ganin babu abin da zai cika ta.

An yi shekaru fiye da 30 kafin abin ya samu suna da ya zauna. Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ya ɗebo yashi da laka daga gaɓar tekun garin, ya duba da madubin likita, ya ga zaruruwa masu launi da ba su yi kama da na tsiro ba. Sai ya yi wata dabara da ta dace da masanin tarihi. Tun 1931 masana a Birtaniya ke ɗaura wa jiragen ruwan 'yan kasuwa wata na'ura da Alister Hardy ya ƙirƙiro, wadda ke tace ruwan teku ta cikin ƙyallen siliki don kama ƙananan halittu, ana kuma adana ƙyallayen. Thompson ya koma kan waɗanda aka ajiye tun shekarun 1960, ya tarar da burbushin roba maƙale a jikinsu, kuma yawansa ya ƙaru sosai zuwa shekarun 1980 da 1990. Ashe shaidar tana ajiye a sito, ba a dai tambaye ta ba. Rahotonsa na 2004 shi ya yaɗa sunan da ake kiran abin da shi a yau, a 2008 kuma wani taron masana a Tacoma ta Amurka ya tsayar da iyaka: duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba, burbushin roba ne.

A nan ya kamata ka fahimci yadda ake gane shi, domin duk labarin da ya biyo baya a kan wannan ya rataya. Ido ba ya iya bambanta zaren roba da na auduga, don haka ake tambayar haske. Ana haska gutsuren da wani haske da ido ba ya gani, kowane nau'in roba kuma yana shanye shi ta wata siga tasa, kamar yadda zanen yatsan kowa ya bambanta. Wannan hanya tana gane abin da ya kai maikuromita 10 zuwa 20. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kai kuwa kusan 70 ne. Hanyar Raman, mai amfani da hasken leza, tana sauka zuwa kusan maikuromita ɗaya. Akwai kuma hanya ta uku, wadda ake gasa samfurin da zafi mai tsanani har ya koma hayaƙi, sannan a tantance sinadaran hayaƙin. Ita nauyin robar take faɗa, ba ta ƙirga gutsuren. Abin da bai kai maikuromita ɗaya ba shi ne masana ke kira nano, mu kira shi ƙurar roba.

Duk sanda na'ura ta ƙara kaifi, sai a tarar abin ya matso kusa da mu. A 2018 Sherri Mason ta gwada gorunan ruwa 259 daga ƙasashe 9, ta samu burbushi a kashi 93 cikin ɗari, matsakaicin adadi 325 a kowace lita. A shekarar dai, likitoci a Vienna suka same shi a bayan gidan mutum 8 da suka gwada, dukkansu. A 2019 aka auna shi yana sauka daga iska a kan tsaunukan Pyrenees na Faransa, inda babu masana'anta. A birnin Rum, Antonio Ragusa ya same shi a mabiyiya 4 cikin 6, bayan an karɓi haihuwa da safar hannu ta auduga don kada robar ɗakin ta gurɓata gwajin. A 2022 Heather Leslie a Amsterdam ta ba da labarin da ya kai kunnen waccan uwa: jinin mutum 17 cikin 22 yana ɗauke da roba. A Janairun 2024 masana a Jami'ar Columbia suka zo da sabon madubin leza, suka ƙirga kimanin 240,000 a litar ruwan gora, kashi 90 cikin ɗari ƙurar roba ce. Daga 325 zuwa 240,000 cikin shekara shida, ba ruwan ne ya lalace haka ba, idon ne ya buɗe.

To, samun abu a jiki daban, tabbatar da cutarwarsa daban. Mu masu harhaɗa magunguna mun san cewa awo shi ke raba magani da guba. Bincike mafi ɗaga hankali zuwa yanzu shi ne na Raffaele Marfella a Italiya, wanda ya fito a Maris 2024. An bi mutum 257 da aka yi wa tiyatar cire kitsen da ya toshe jijiyar wuya. An samu roba a kitsen 150 daga cikinsu, kuma a cikin kimanin wata 34 haɗarin bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa ya ninka kusan sau huɗu da rabi a wajensu. Sai dai marubutan da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su tabbatar cewa robar ce sanadi ba. Haka kuma da aka ba da rahoton samun roba mai yawa a ƙwaƙwalwa a 2025, wasu masanan sun ja hankali cewa kitsen jiki, idan aka gasa shi, yana fitar da sinadarai masu kama da na leda, na'ura na iya ruɗewa. Ko maganar da ta zagaya duniya a 2019, cewa mutum na haɗiye giram 5 na roba a mako, binciken da ya biyo baya ya nuna an zuzuta ta matuƙa.

Doka ita ma tana tafe, amma da ɗingishi. Rwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. Amurka ta hana saka ƙwayoyin roba a sabulun wanke fuska a 2015. A Maris 2022 ƙasashen duniya suka amince a Nairobi za su ƙulla yarjejeniya kan sharar roba, amma taron Busan na ƙarshen 2024 da na Geneva a Agustan 2025 duk sun watse babu matsaya.

Mu a nan ba ma buƙatar leza kafin mu ga farkon labarin. Leda ce ke toshe mana magudanai da damina, mahauta kuma sun daɗe suna ciro ta dunƙule daga tumbin awaki da shanu. Abin da tarihin nan ya ƙara mana shi ne sanin cewa zafi na hanzarta sakin burbushi. Wani bincike a Dublin a 2020 ya nuna kwalbar shayar da jarirai ta roba tana sakin miliyoyin gutsure a lita idan aka zuba mata ruwan zafi. Saboda haka, tuwo da koko da alale masu zafi, kwano ko ganye ya fi musu leda. Kada a jibge buhunan fiya wata a rana. A haɗa madarar jariri a kofin ƙarfe ko gilashi, ta huce kafin a juye. Kada kuma a hura gawayi da leda, hayaƙinta cuta ce da ba a jayayya a kanta.

Amma kada tsoron burbushi ya kai ka ga shan ruwan da ba a tace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa ƙwayoyin cuta a ruwan sha su ne babban abin da za a fara yaƙa. Kwalara tana kashewa cikin kwana ɗaya.

Amsar waccan uwa kuwa ga ta. Dokokin ingancin magunguna sun ƙayyade yawan gutsuren da aka yarda a samu a ruwan allura, ana kuma ƙirga waɗanda suka kai maikuromita 10 da 25 kafin kaya su bar masana'anta. Abin da bai kai haka ba, yanzu ne kimiyya ke koyon ƙirga shi. Yaronta kuwa amai da gudawa sun ƙarar masa da ruwan jiki, haɗarin da ke gabansa na daren nan ne. Na ce mata ta bari a saka masa, ta kuwa yarda. Bayan kwana biyu suka biyo ta tagar ɗakin magani za su tafi gida, yaron na tafiya da ƙafarsa, riƙe da ledar kunu mai zafi da aka sayo masa a bakin ƙofa. A kan wannan ledar ce na tsayar da ita muka yi magana.