Lambar Reshe: Hawanta da Saukarta a Bankunan Najeriya

A ƙasan kowace takardar ceki ta Najeriya akwai wani layin lambobi masu ƙira ta daban. A cikinsu akwai guda tara da mu ma'aikatan banki muke kira sot kod, wato lambar reshe. Uku na farko na banki ne: 011 First Bank, 033 UBA, 057 Zenith, 058 GTBank. Sauran shidan su ke nuna jiha da reshen da asusun yake. Yaron da ke tura kuɗi ta waya sau goma a wuni mai yiwuwa bai taɓa jin labarinta ba, amma mu da muka yi aiki a sashen kiliyarin, da ita muke kwana, da ita muke tashi.

Dalilin ƙarfinta shi ne, a wancan zamani kuɗin mutum a gini ɗaya suke zaune. Lejar da aka rubuta abin da ya ajiye tana reshensa, katin sa hannunsa yana cikin durowar reshensa, manajan da ya san shi ma yana can. Wanda ya buɗe asusu a Bello Road a Kano, in ya shiga reshen bankin nasa a Kaduna, baƙo ne. Saboda haka duk takardar kuɗi da ta fita, dole ta san hanyar komawa gidan da za a biya ta. Lambar reshe ita ce adireshin.

Wurin da takardun ke haɗuwa shi ne zauren kiliyarin. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, ya buɗe zaure na farko a Legas a 1961, daga baya rassansa na jihohi suka samu nasu. Da safe kowane banki zai turo wakili da jaka cike da cekin wasu bankuna da abokan cinikinsa suka kawo jiya, an ware su ƙunshi-ƙunshi, kowanne da jimillarsa a liƙe. Ka miƙa nasu, ka karɓi naka, a buga lissafi. In aka sami bambancin kwabo ɗaya, ba mai tashi sai an gano inda ya maƙale. Cekin cikin gari kan ɗauki 'yan kwanaki. Na nesa kuwa, wanda sai an aika shi wata jiha an jira amsa, yakan kai mako uku. Shi ya sa ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai yi sari a Legas ko Anacha ya gwammace ya sayi diraf, ko ya cusa tsabar kuɗi a buhu ya hau motar dare, ya bar wa Allah. Masu wayo kuma sun ci moriyar wannan jinkiri: su buɗe asusu a garuruwa biyu, su riƙa rubuta wa kansu ceki daga nan zuwa can, suna cin kuɗin da babu su kafin takarda ta isa.

A 1993 aka shigo da buga layin ƙasan ceki da tawada mai maganaɗisu, wadda na'ura ke karantawa. A 1994 kamfanin NIBSS, na Babban Banki da bankuna, ya fara aikin daidaita biya tsakaninsu, kuma a 2002 kiliyarin na Legas ya koma kan kwamfuta. Daga nan lambar reshe ta tashi daga abin da akawu ke dubawa da ido ta zama abin da inji ke bi. Inji kuwa ba ya jin lallashi. Alhaji ya ninke ceki huɗu ya sa a aljihun babbar riga, ko kashiya ya danna hatimi a kan layin, ko wani ya huda shi da fil, sai na'ura ta tofar da shi gefe. Waɗannan mu za mu zauna mu shigar da hannu, lamba bayan lamba, har bayan isha'i. Da aka fara tura kuɗi ba takarda ta tsarin NEFT a 2004, wannan lamba aka ɗauko ta zama jagora, domin ita kaɗai duk bankuna suka yarda da ita.

Sai ga guguwar Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin. A Yulin 2004 ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North, mai hedikwata a Kano, yana cikin tara da suka haɗu suka zama Unity. Jaridu sun yi ta labarin jari da hannun jari, mu a ɗakin baya abin da ya dame mu jadawalin lambobi ne. Rassa biyu da jiya kishiyoyi ne a titi ɗaya, yau na gida ɗaya ne. Wanne za a rufe, wa zai gaji lambarsa, kuma ya za a yi da tsofaffin littattafan ceki da ke hannun jama'a ɗauke da lambar bankin da babu shi? Watanni aka yi ana aiki da takardar da ke cewa tsohuwar lamba kaza yanzu ita ce kaza.

Jama'a ba su san da sot kod ba sai a Janairun 2009, lokacin da gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta hana biyan albashi da kuɗin kwangila da ceki. Nan da nan malaman makaranta da masinjoji da 'yan fansho suka cika kanta, kowa da fom, yana cewa, "Ranka ya daɗe, an ce in karɓo lambar reshe." A nan asirinmu ya tonu. A lokacin lambar asusu ba ta da tsayi ɗaya: wani banki goma, wani goma sha uku, wani fiye. Akawun ma'aikata zai zuba sunaye ɗaruruwa a Excel, manhajar ta cinye sifilin farko, 011 ta koma 11, albashin wata ya dawo. Wani kuma ya ba da lambar reshen da ke kusa da gidansa, ba na inda ya buɗe asusu ba. Kuɗi su yi ta yawo, mai iyali yana safa da marwa tsakanin ofis da banki, kowa na cewa ba daga wurinsa ba ne.

Maganin ya zo a zamanin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Banki. A 2010 Babban Banki ya fitar da tsarin NUBAN, ya fara aiki a 2011: kowane asusu lamba goma, ba ƙari ba ragi. Tara na jeri ne, ta goma mai gadi ce. Ana jera lambar banki uku da taran, a ninka su bi da bi da 3, 7, 3 har ƙarshe, a tara, a ɗauki lambar ƙarshe ta jimillar a cire ta daga goma. Misalin da ke cikin takardar Babban Banki shi ne 011 da 000001457: jimilla 81, a cire 1 daga 10, saura 9. In ka kuskure lamba ɗaya, lissafin ba zai fita ba, kwamfuta ta ƙi tun kafin kuɗi su motsa. Musanya lambobi biyu na maƙwabtaka kuwa wani lokaci yakan sulale, kuma lamba ɗaya na iya dacewa da banki fiye da ɗaya, shi ya sa har yau sai ka zaɓi banki. Abin lura shi ne, a cikin goman nan babu inda aka ambaci reshe.

A 2011 ɗin NIBSS ya ƙaddamar da NIP, tura kuɗi nan take, wanda ke nuna maka sunan mai asusu kafin ka danna. Ceki kuma aka yi ta rage masa fuka-fuki: daga 2010 ba ya wuce naira miliyan 10 a kiliyarin, daga 2012 a Legas da 2013 a duk ƙasa hotonsa ake aikawa, takardar ba ta tafiya. A Fabrairun 2014 BVN ta zo ta ɗaura lamba a kan mutum da yatsunsa. Yau a OPay da PalmPay lambar wayarka ce asusunka, kuma akasarin masu mu'amala da su ba su taɓa ganin ofishinsu ba.

Ba kowace ƙasa ta bi wannan hanya ba. A Indiya har yanzu sai ka rubuta IFSC, haruffa da lambobi 11, shidan ƙarshe na reshe. Ɗan kasuwar Maraɗi ma, a cikin lambar asusunsa mai gurbi 24 akwai biyar na reshe. A ganina abin da ya ba Najeriya damar yar da reshe shi ne wahalar 2005: haɗewar ta tilasta wa bankuna tattara lejojin rassansu a kwamfuta ɗaya a hedikwata, to da kuɗi suka daina zama a gini, adireshin gini ya rasa amfani.

An ci riba, ba musu. Amma akwai abin da tsohon tsari ke da shi da har yanzu ba a maye gurbinsa ba. Da, in takarda ta ɓace, lamba tara na nuna maka tebur da mutumin da za ka riƙe. Yau in an cire maka kuɗi, mai kaya bai ga alat ba, bankinka ya ce sun fita, nasa ya ce ba su iso ba, duka su ɗora wa netwok. An ga haka sosai a farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci kowa ya koma tiransifa. Lambar da ke da daraja yanzu ita ce ta shaidar turawa, mai gurbi 30, wadda NIP ke ba kowace tiransifa, kuma da ita bankunan biyu ke iya bin sawun kuɗi. Mutane da yawa ba su san da ita ba, wasu manhajojin ma sai ka tona kafin ka gan ta. Kamata ya yi a buga ta ƙarara a kan kowane rasit, a kuma koya wa jama'a cewa in kuɗi sun maƙale, ita za su fara nema kafin su je kanta.